Me ya sa kayan kanti masu araha ba sa jure wanki?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah dogayen riguna da tishat na yi oda ta waya, irin masu arahar nan da ake turowa daga China, wallahi ba su kai wanki huɗu ba ɗaya ta murɗe, ɗaya ta yi ƙuraje, ɗaya kuma ɗinkin hammata ya buɗe. Alhali akwai rigunan da mamata ta ba ni tun na 'yammatancinta har yanzu ras suke. Ni ce ban iya wanki ba ko jabu aka turo min?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba jabu aka turo miki ba, kuma wankinki in ma yana da laifi to ɗan kaɗan ne. Ainihin kayan ke nan, haka aka yi su tun daga masana'anta, kuma wanda ya yi su ya san iya kwanan da za su yi. Na daɗe a harkar ɗinki da sayen yadi, kayan da ake kawo min gyara kullum su suka sa na san cikin irin waɗannan rigunan sosai, dan haka bari in warware miki yanda abin yake, ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Abu na farko da ya kamata ki gane, da can riga ake fara yi sannan a sa mata kuɗi. A zana, a zaɓi yadi, a ɗinka, a lissafa abin da aka kashe a ɗora riba. Yanzu a wannan harkar ta yayi mai saurin wucewa kuɗin ake fara yankewa, kamfani ya ce rigar nan dala biyar za mu sayar da ita, sai ya cire ribarsa, ya cire kuɗin talla da na jirgi da na kayan da za a dawo musu da su, ɗan abin da ya rage shi za a miƙa wa mai masana'anta a ce yi mana riga da wannan, kuma nan da sati ɗaya ko biyu muke so. In ya ce ba zai iya ba akwai ɗari a bayansa da za su karɓa. To ina zai samo ribarsa? Dole sai ya tsakura daga yadi, ya tsakura daga zare, daga rini, daga lokacin tela. Duk matsalar da kika lissafa wani wuri ne da aka tsakura.

Zara ta ƙasar Sifaniya, mai sayar da tufafi, wadda ta buɗe shagonta na farko a 1975, ita ta yi suna wajen sauko da sabon yayi cikin shago a makonni kaɗan maimakon a jira kaka ta zagayo, su H&M da Primark suna gefe. Da aka cire ƙa'idar ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe irin su China za su iya shigarwa Turai da Amurka a farkon 2005 sai kaya suka ɓalle kamar ruwa. Daga baya Shein, mai sayar da tufafi ta waya, ta zo ta ninka saurin, tana aiki da dubban ƙananan masana'antu a yankin Guanzu, garin nan da 'yan Kwari ke zuwa saro kaya, a ɗinka guda 100 ko 200 na samfuri ɗaya a sa a manhaja, in ya karɓu a ƙara in bai karɓu ba a wuce na gaba. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna tufafin da duniya ke ɗinkawa sun ninka tsakanin 2000 da 2015 har sun haura biliyan 100 a shekara, yawan sawar da ake yi wa kowace riga kafin a yar kuma ya ragu da kashi 36 cikin 100. Kinga ke nan wanda cinikinsa ya dogara a kan ki dawo wata mai zuwa ba shi da wani dalilin kashe kuɗi dan rigarki ta shekara biyar.

Yanzu mu shiga cikin rigar kanta, mu fara da zare dan nan ne tushen komai kuma nan ne ido ba ya gani a hoto. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi da mazari ya san auduga ba ɗaya ba ce. Akwai mai dogon gashi akwai mai gajere. Irin ta Masar da wadda ake kira Pima gashinta yana haura milimita 34, mai arha kuwa da ƙyar take kai 25. In gashin dogo ne, idan aka murɗa shi zare sai ya riƙe juna sosai, bakin gashin da ke leƙowa waje kaɗan ne, yadin ya fito sumul da ƙarfi. In gajere ne ko'ina a jikin zaren baki ne ke leƙowa. Masaƙa mai kyau har taje audugar take yi ta fitar da guntayen ta ajiye gefe, wannan tajewar tana cin auduga kuma tana cin lokaci, dan haka mai yin arha tsallake ta yake yi, wani lokacin ma guntayen da wancan ya fitar su zai saya ya haɗa. Shi ya sa za ki ga riga biyu duk an rubuta musu auduga zalla amma ɗaya ta shekara goma ɗaya ko azumi ba ta ƙarasa ba. Takardar da ke wuyan riga tana faɗa miki irin zaren ne kawai, ba ta faɗa miki darajarsa.

Ƙurajen nan da kika gani ga yanda suke fitowa: gogayya, ta hammata ko inda jaka ke gogar kwankwaso ko wajen cuɗa a wanki, ita ke tayar da guntayen gashin nan su fito saman yadi su cukurkuɗe su dunƙule. Da auduga ce zalla dunƙulen zai gutsure ya faɗi da kansa. Amma yawancin kayan nan haɗi ne da foliyesta, wato zaren roba, shi kuma yana da ƙarfin tsiya ba ya tsinkewa, sai ya riƙe dunƙulen ƙam a jikin rigar. Haɗin auduga mai gajeren gashi da roba mai arha shi ne uban ƙuraje, haka ma suwaita ta akirilik, wanda shi ma zaren roba ne.

Foliyesta daga man fetur ake yin sa, dangin robar gorar ruwa ne, kuma yau fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa shi ne saboda ya fi auduga arha nesa ba kusa ba kuma ba ya jiran damina. Amma dan Allah kar ki ɗauka duk roba banza ce, ina yawan jin mutane suna faɗar haka kuma ba daidai ba ne. Yadin nida da ake yin abaya mai tsada da shi ai foliyesta ne, rigunan 'yan ƙwallo na asali ma haka, hijabai da yawa da muke sawa shekara da shekaru haka. Bambancin yana wajen sirantar zaren da yanda aka cika saƙar da kuma gyaran da aka yi masa bayan saƙa. Mai arha saƙarsa sako-sako ce, yana sheƙi irin na leda, yana manne wa jiki yana tartsatsi lokacin hunturu, ba ya shan gumi sai dai ya riƙe maiƙon jiki shi ya sa wari ke zama a hammatarsa ko an wanke. A zafin watan Afrilu kuwa azaba ce. Sannan ki kiyaye shi kusa da murhu ko gas, dan shi narkewa yake ya manne a fata.

Akwai kuma biskos, wanda wasu ke rubuta wa rayon, mai laushin nan mai sanyi da ake yin dogayen riguna masu fulawa da shi. Daga itace da aka narkar ake yin sa. Yana da daɗin sawa gaskiya, matsalarsa in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake sosai, in kika cuɗa shi kika murɗe kamar zanin gado sai ya saki ko ya yage a bin ɗinki, kuma yana shigewa. Sai zaren talewa, wanda ake rubuta wa elastane ko spandex, da ake sawa a jins da legins da tishat masu kama jiki. Yana taimaka wa kamfani ƙwarai dan riga mai talewa ba ta buƙatar yanka mai kyau, siza ɗaya za ta shiga mutum uku. Shi kuma maƙiyansa zafi da bilic, ga mu da rana ga dutsen gugar gawayi, sai ki ga gwiwar wando ta yi jaka ko wasu fararen zaruruwa sirara suna leƙowa, to ya mutu ke nan ba ya dawowa.

Nauyin yadi ma ana auna shi, giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Tishat mai jiki tana kaiwa 180 zuwa 200, masu arha sukan sauko 120 ko 130. Jins, wanda shi da oza ake auna shi, na da oza 12 zuwa 14 ne, na yanzu mai talewa da yawa bai wuce 9 ko 10 ba. Giram 40 a riga ɗaya kamar ba komai ba, amma ki ninka shi sau dubu ɗari ki ga tan nawa na zare aka tsira da shi. Sai dai a nan ma a yi hattara, rashin kauri ba shi ne rashin kyau ba, boyel mai kyau shara-shara ne amma zarensa siriri ne mai dogon gashi kuma saƙar a cike take. Abin dubawa cikar saƙa, ba kauri kaɗai ba.

To me ya sa ranar da kika buɗe ledar kika ji ta da laushi da jiki? Saboda ana yi wa yadi wanka da sinadarin laushi, wani kuma a ɗura masa sitaci ya yi kauri ya tsaya. Wankin farko duk zai tafi, abin da ya rage shi ne gaskiyar yadin. Masu sayen atamfa da shadda mai arha sun san wannan sarai.

Rigar da ta murɗe kuwa, wadda ɗinkin gefe ya zagayo gaban ciki, wannan laifin gaggawa ne tsantsa. Yadin tishat a zagaye inji ke saƙa shi, yana fitowa a ɗame kuma zaren yana da murɗi a jikinsa yana neman warwarewa. Ƙa'ida a bi da shi ta injin da zai daidaita shi ya sa ya gama shigewarsa tun a can, sannan a warware bandir ɗin a bar shi ya huta kamar kwana ɗaya ko biyu kafin a sa almakashi. Wanda aka ba sati ɗaya ya kawo kaya ina ya ga kwana biyun hutun yadi? A ɗame za a yanka a ɗinka, ranar da ya sha ruwa a bokitinki ranar zai yi hutun da aka hana shi, ya shige ta tsawo ya buɗe ta faɗi ya karkace. Wani ma da gangan ake ja dan bandir ya ƙara tsawo. Kuma wannan ba ta gyaruwa, ko wane tela kika kai wa, guga za ta ɓoye ta na yini ɗaya ne kawai.

Wajen yanka ma haka. Yadi shi ne ya fi cin kuɗi a riga, yawanci fiye da rabin abin da masana'anta ke kashewa, dan haka ana jera fatun ɗin, wato zanen ɓangarorin rigar da ake bi a yanka, a matse kamar me, in hannun riga bai shiga daidai tsayin zare ba sai a ɗan karkatar da shi dan ya shiga, a shimfiɗa yadi hawa da yawa a yanka lokaci guda, na ƙasa ya ɗan goce ya bambanta da na sama. Shi ya sa siza ɗaya kala biyu za ki ga ɗaya ta matse ɗaya ta yi yawa. Rini kuma in ba a ba shi lokacin kamawa ba, ba a kuma wanke rarar da ba ta kama ba, a gidanki zai zuba, ya ɓata farin hijabi ko ya shafe kujera.

Yanzu ki ɗauko wadda hammatarta ta buɗe ki juya cikinta waje, ki sa tef ki ƙirga ɗinki nawa ne a inci ɗaya. Riga mai kyau za ki samu 12 zuwa 14, ta maza mai tsada ma ta fi haka, irin taki ina kyautata zaton 7 ko 8 za ki samu, dan in aka buɗe taku keke ya fi gudu kuma zare ya fi auki. Ki duba kuma za ki ga ba a yi ɗinki sannan aka bi da wibin ba, wibin ɗin kaɗai ne ya haɗa ɓangarorin biyu, sau da yawa mai zare uku wanda asalinsa na kame bakin yadi ne kar ya zare, ba na ɗaukar nauyi ba. Rarar yadin da aka bari a ciki kuma ba ta fi rabin santimita ba, in saƙar sako-sako ce zaren yadin ne ma zai zame ya fita daga cikin ɗinkin, ki ga rami alhali ɗinkin bai tsinke ba. Wuraren da ke shan wahala, bakin aljihu, ƙarshen tsaga, hantsar wando, ƙasan zif, ya kamata a daddage su da ɗinki mai kauri a maimaita, a nan babu. Maɓalli da zare ɗaya aka ɗaura, ki ja bakin zaren ya warware gaba ɗaya. Babu shafi a ciki, kalmasa siririya ba abin da za a sake in ta yi gajere, kwala da gam mai arha aka manna ta shi ya sa take kumbura bayan wanki. Abin da ya fi ɓata min rai ke nan in an kawo min gyara, mutum yana son rigarsa ya biya kuɗin mota ya zo, ni kuma in juya ta in ga ba inda allura za ta kama.

Kuma dan Allah kar a zagi telolin da suka ɗinka. Wallahi da yawansu sun fi mu hannu, mace ce da ta shekara tana sa hannun riga kawai daga safe har dare, sau da yawa a kan guda ake biyanta ko a ba ta adadin da dole ta cika a awa, ba ta da minti ɗaya na komawa ta gyara. A Bangaladash, wadda ke cikin manyan masu ɗinka wa duniya kaya, a ƙarshen 2023 an tsayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin ɗinki a kan 12,500 a wata na kuɗinsu da ake kira taka, dala ɗari da 'yan kai. A can ne ginin Rana Plaza ya rufta ranar 24 ga Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134, bayan an ga tsagewa a bango tun jajibirin ranar amma aka ce su koma bakin aiki. Matsin da ya hana yadi hutawa shi ne dai ya mayar da mutanen nan cikin ginin. Mu ma nan muna da namu, ɗinkin daren sallah da tela ya karɓi kaya fiye da ƙarfinsa ai kin san yanda yake fitowa.

Masu harkar gwanjo su ma abin ya iso su. Ki tambayi duk wanda ya daɗe yana fasa dila a Ƙofar Wambai zai faɗa miki na ɗaya ya ragu tarkace ya ƙaru, tunda abin da Turawa ke saya shi suke zubarwa. A kasuwar Kantamanto ta Akara an ƙiyasta kaya kusan miliyan 15 ke shiga duk sati, kuma ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a wurin ta ce kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa, su toshe kwatoci su taru a bakin teku. Ɗan kasuwa ya ci bashi ya sayi dila a rufe, ya buɗe ya tarar da abin da ba mai saya.

Game da kayan mama, gaskiya ne na da sun fi yadi da ɗinki, amma ki tuna masu kyan ne suka rayu har suka iso hannunki, marasa kyan zamaninsu sun daɗe da zama tsumma. Kuma tsada ba hujja ba ce, akwai masu manyan suna da ke ɗinki a masana'anta ɗaya da masu arha, sunan kawai kike biya. Araha ba ta ado gaskiya ne, amma ni na fi yarda da hannuna a kan farashi.

In a kasuwa kike, ɗaga yadin ki kalli haske ta cikinsa, in kina ganin ramukan saƙa ba daidai ba wani wuri cike wani wuri fayau ki ajiye. Ki kama gefe biyu na ɗinki ki ɗan ja, in ya buɗe kina hango zare kamar tsani to ba zai daɗe ba. Ki dunƙule yadin a tafin hannu ki saki ki gani, ki ja mai talewa ki ga ko zai koma yanda yake nan take. Ki goga farin hankici mai ɗan danshi a cikin rigar ki ga ko kala za ta biyo. Ki ja zif sama da ƙasa sau uku, in an rubuta YKK a kansa alama ce mai kyau ko da yake shi ma ana yin jabunsa. Mai ratsi ko mai gida-gida ki duba ko zanen ya haɗu a ɗinkin gefe, wanda ya ɓata yadi dan ya haɗa zane yawanci bai yi rowa a sauran wuraren ba. Jaka ko jaket ta fatar roba kuwa ki sani ɓarewa za ta yi ko kin sa ko ba ki sa ba, zafi da danshi ke cinye ta har a cikin sif.

In ta waya ne, kar ki kalli hoton talla, ki gangara wajen hotunan da masu saye suka ɗora da kansu, ki nemi waɗanda suka yi magana bayan wanki ba ranar da kaya suka iso ba, ki karanta haɗin zaren. Ki ɗan yi lissafi kuma, misali rigar dubu 8 da za ki sa sau 5 kowace sawa ta tashi a 1,600, ta dubu 25 da za ki sa sau 50 ta tashi a 500. Na san ba kowa ke da dubu 25 a lokaci ɗaya ba, halin da ake ciki ba wanda bai sani ba, kuma ba na ganin laifin wanda ya sayi abin da aljihunsa ya kai. In kuɗin kaɗan ne ni dai gwanjo na ɗaya da kika zaɓa da hannunki ya fi min sabuwar leda, dan rigar da ta sha wanki a hannun wani ta iso ba ta murɗe ba ta riga ta ci jarrabawa.

Waɗanda kike da su kuma za ki iya ja musu kwana. Kafin ki fara sa sabuwa ki kai wa tela ya bi hammata da gefe da hantsa da ɗinki na biyu, ya ƙara wa maɓallai zare, kuɗin kaɗan ne. Ki juya ciki waje kafin wanki, ruwan sanyi, omo kaɗan, kar a jiƙa ta kwana, kar a sa buroshi, kar a murɗe biskos sai dai a matse a hankali. A shanya a inuwa, mai nauyi irin suwaita a shimfiɗe ba a rataye ba, guga daga ciki da wuta kaɗan, mai talewa kuma ba ruwanta da bilic. Ƙuraje ana kankare su da reza a hankali a kan tebur.

In kuma yadi za ki saya ki bayar a ɗinka, wanda shi na fi ba ki shawara ga dogayen riguna, ki jiƙa yadin ki shanya kafin a yanka in auduga ne ko biskos dan ya gama shigewarsa, ki ce wa telan ya bar miki rara inci ɗaya a gefe da kalmasa mai faɗi, ya yi ɗinki tukunna sannan ya bi da wibin, kuma ki kai masa tun kafin azumi ya kama.